Yadda Ake Fara Gasar Harbin Bara da Ƙaramar Bindiga

Wanda ya kalli wasannin Olamfik na Faris a 2024 zai tuna da Yusuf Dikeç, Baturken nan mai shekara 51 da ya tsaya hannu ɗaya a aljihu, ba wani tarkace a fuska sai tabarau, ya ci lambar azurfa tare da abokiyar harbinsa. Wasan da ya yi shi ne harbin bindigar iska daga mita 10, kuma ta nan ne ya kamata duk mai son harbin bara ya shiga. Bindigar ba ta da ƙara sosai, ba ta dukan hannu, harsashinta ya fi na kowace bindiga araha, kuma ba ta rufa wa kowa asiri: duk kuskuren da yatsa ko ido ya yi sai ya bayyana a takarda.

Tun farko a san doka. A Najeriya, dokar makamai ta sa ƙananan bindigogi masu albarushi cikin jerin waɗanda aka haramta sai da izinin shugaban ƙasa, ita kuwa bindigar iska tana cikin waɗanda ake nema wa lasisi daga Sufeto Janar na 'yan sanda. Kowace ƙasa da nata tsarin. Saboda haka hanyar shiga ita ce kulob mai rajista ko hukumar wasan harbi ta ƙasarka, inda akwai fili mai kariya da mai koyarwa da bindigar aro. Kada ka fara da saye. Ka yi wata biyu ko uku da ta kulob tukuna.

Wace gasa ce, kuma me ake nema a cikinta

Hukumar wasan harbi ta duniya, ISSF, mai hedikwata a birnin Munik na Jamus, ita ke tsara dokokin. Harbin bindigar iska na mita 10 ya shiga Olamfik a 1988 a Seoul. Ana harbi 60, a tsaye, da hannu ɗaya, ba jingina. In allon baran na lantarki ne ana ba da minti 75, in na takarda ne minti 90, bayan an ba da minti 15 na shiri da harbin gwaji. A da mata 40 suke harbawa, amma daga 2018 aka daidaita su da maza.

Zoben maki 10 faɗinsa milimita 11.5 ne, bai kai farcen babban yatsa ba. Kowane zobe na gaba yana ƙara milimita 16, baƙin da ke tsakiya ya tsaya a zoben 7, faɗinsa milimita 59.5. Tsakiyar baran tana mita 1.40 daga ƙasa. In hujin harsashi ya taɓa layi, maki na sama ake ba ka. Jimillar maki 600 ne, kuma babu wanda ya taɓa cika su a gasar duniya; bajintar maza ita ce 594, wadda Jin Jong-oh na Koriya ta Kudu ya kafa a 2009. Mutum takwas na sama su ke shiga zagayen ƙarshe, inda ake ƙirga maki da ɗigo har 10.9.

Akwai wasu gasannin da za ka iya ƙarasawa gare su daga baya: na mita 25 da ƙaramin harsashin albarushi da ake kira .22, da irin na Amurka da ake yi a yadi 25 da 50, wanda cikakkiyar gasarsa harbi 270 ce, maki 2700, da nau'in bindiga uku. Duk tushensu ɗaya ne da abin da za a bayyana a nan.

Kiyayewa

Bindigar iska ta gasa tana fitar da ƙwayar dalma da gudun kusan mita 150 a daƙiƙa. Wannan ya isa ya tsiyaye ido. Ka ɗauki kowace bindiga a matsayin mai harsashi ko da kai ka cire shi da hannunka. Bakinta kullum yana kallon bara. Yatsa ba ya shiga wajen kunama sai an ɗaga hannu za a yi harbi. Da zarar ka ajiye ta, ka buɗe mazubin harsashi ka zura zaren tsaro mai launi, wanda doka ta ce sai ya ratsa bututun daga wannan baki zuwa wancan. Umarnin alƙalin fili da Turanci ake ba da shi a gasannin ƙasa da ƙasa: LOAD (zuba harsashi), START (fara), STOP (tsaya), UNLOAD (cire harsashi). Da ka ji STOP, ko kunama ta kusa tashi, sauke hannu. In akwai mutum a gaban layi, ko taɓa bindiga ba a yi. Kuma harsashin dalma ne, don haka ba a cin goro ko gyaɗa a kan layi, sai an wanke hannu da sabulu.

Kayan aiki

Doka ta ce bakin bindigar milimita 4.5 ne, nauyinta kada ya wuce giram 1500, kunamarta kada ta tashi da ƙasa da nauyin giram 500, kuma dole ta shige cikin akwatin awo mai milimita 420 da 200 da 50. Saiti buɗaɗɗe kawai aka yarda da shi, wato tsinke a gaba da tsaga a baya. Ba madubin hange, ba jan ɗigo. Yawancin bindigogin gasa nauyinsu wajen kilo ɗaya ne.

Manyan 'yan wasa suna riƙe da Steyr ta Ostiriya, Morini ta Suwizalan, Pardini ta Italiya, ko Walther da Feinwerkbau na Jamus. Duk suna aiki da silindar iska da ake cikawa, yawanci zuwa 200 a ma'aunin matsin iska da ake kira bar, da famfon hannu ko daga babbar tukunya, kuma ciko ɗaya yakan wuce harbi 100. Mai farawa ba ya bukatar waɗannan. Hämmerli AP20, ko tsohuwar IZH-46M ta Rasha wadda ake matsa mata iska da hannu kafin kowane harbi, sun fi ƙarfin gwanintar sabon maharbi na shekaru. Abin da ya kamata a kashe wa hankali shi ne mariƙi. Yana zuwa ƙarami, matsakaici da babba, na dama da na hagu, kuma ana auna faɗin tafin hannu ne a kan gaɓoɓin yatsu huɗu. Tsohuwar bindiga mai mariƙi daidai hannunka ta fi sabuwa dal mai mariƙin wani.

Silinda tana da kwanan wata a jikinta. In ta shekara 10 ba a yarda da ita a gasa ba. Kada a bar ta cike a cikin mota a rana, domin zafi yana ƙara matsin iskar, kuma kada a cika ta da wani gas in ba iska ba, musamman iskar oksijin ta asibiti ko ta masu walda, wadda kan kama da wuta in ta haɗu da maiƙo.

Harsashi mai shafaffen kai ake amfani da shi, saboda yana yanka huji mai tsabta a takarda. Nauyinsa wajen rabin giram ne, gwangwani ɗaya guda 500. Kamfanonin RWS, H&N da JSB duk suna da na horo mai sauƙin kuɗi, kuma ya wadatar. Wanda gindinsa ya lanƙwashe a yar da shi. A sa takalmi mai shafaffen ƙasa wanda bai rufe idon sawu ba. Agogo da munduwa a cire su daga hannun harbi, domin duk abin da zai tallafi wuyan hannu haramun ne a doka.

Tsayuwa

Na-dama ya juya kafaɗarsa ta dama wajen bara, jikinsa a karkace kamar digiri 45 ko fiye, ƙafafu a buɗe daidai faɗin kafaɗa, nauyi rabe a kansu daidai. Gwiwoyi a miƙe amma ba a ƙage ba. Hannun hagu ya shiga aljihu ko ya maƙale a bel, ya mutu a can. Kai a tsaye. Bindiga ake kawowa layin ido, ba a sunkuyar da kai a nemo ta.

Daga nan sai a nemo inda jiki yake nunawa da kansa. Rufe ido, ɗaga bindiga, ja numfashi biyu, buɗe. In ka tarar tana kallon hagun bara, kada ka jawo ta da kafaɗa. Matsar da ƙafar baya kaɗan zuwa hagu, jikin gaba ɗaya zai juya dama. Maimaita har sai ka buɗe ido ka ga bara a gabanka. Dalili kuwa, a daidai lokacin da harbi ya tashi tsoka takan saki, hannu ya koma inda yake so tun asali. Wanda ya tsallake wannan zai yi ta ganin hujinsa na zamewa gefe guda in gajiya ta shigo, ya yi ta murɗa saiti a banza.

Riƙo

Da hannun hagu ake ɗora bindiga a hannun dama, a tura mariƙi sosai cikin tsakanin babban yatsa da manuni, bututu ya yi layi ɗaya da damtse. Yatsan tsakiya da na kusa da shi su ke riƙewa, suna matsawa daga gaba zuwa baya. Ƙaramin yatsa da babban yatsa suna kwance ne kawai. Ƙarfin riƙon kamar na musabaha da dattijo: da nauyi, amma ba murƙushewa. In farce ya yi fari ko tsinken gaba na karkarwa, ka matse da yawa. Wuyan hannu da gwiwar hannu a kulle. Abin da ya fi ƙarfin riƙon muhimmanci shi ne ya zama iri ɗaya daga harbi na 1 zuwa na 60.

Ido: a nan yawancin mutane ke ɓata

Abu uku ne a gabanka: tsagar baya, tsinken gaba, da bara. Ido ba ya iya ganin ukun tar a lokaci guda, kuma zuciya bara take so ta kalla, tunda shi ake nema. Dole a hana ta. Tsinken gaba ake zuba wa ido. Ya fito tar, samansa daidai da saman tsaga, hasken da ke hagunsa daidai da na damansa, baran kuwa ya zama dishi-dishi.

Lissafi ne ya sa haka. Tsakanin tsaga da tsinke kamar milimita 350 ne, bara kuwa milimita 10,000. Duk karkatar da tsinke ya yi a cikin tsaga ana ninka ta kusan sau 29 kafin ta isa takarda. Kuskuren milimita 1, wanda ba za ka ma lura da shi ba in idonka na kan bara, yana jefa harsashi cikin zoben 7. Amma in tsinke da tsaga suna daidai, hannun gaba ɗaya ya yi lilo na milimita 5, harsashin milimita 5 kawai zai kauce, yana cikin 10 har yanzu. Don haka lilon hannu ba shi ne abokin gaba ba. Kowa hannunsa na lilo, har zakaran duniya. Ka bar shi ya yi, ka tsare daidaiton tsinke.

Ba tsakiyar baƙin ake aunawa ba, domin baƙin tsinke a kan baƙin bara ba ya ganuwa. Ana tsayar da tsinke a cikin farin da ke ƙasa da baƙin, a bar ɗan fili a tsakani, kamar tsakiyar tazarar gindin baƙin da ƙasan takarda ko sama da haka kaɗan, sannan a gyara tsagar baya yadda harsashi zai faɗa tsakiya. Wanda ya manna tsinke da gindin baƙin yakan shiga tarkon jiran daidai lokacin da suka haɗu ya fizge kunama.

Ido biyu a buɗe. Runtse ɗaya yana gajiyar da fuska kuma yana rage ganin ɗayan. A rufe idon da ba ya aiki da ɗan farin roba mai shigar da haske, wanda faɗinsa bai wuce milimita 30 ba, a maƙala a tabarau. Wanda ya haura shekara 40 kuma tsinke ya ƙi fitowa tar, ya je wurin likitan ido ya gaya masa yana son gilashin da zai nuna abu a nisan miƙaƙƙen hannu da ƙarin kamar taƙi ɗaya.

Kunama da jerin harbi ɗaya

Tsakiyar gaɓar farko ta manuni ake ɗorawa, sauran yatsan kada ya gogi mariƙi. Matsi ya tafi kai tsaye baya, layi ɗaya da bututu. Kunamar gasa hawa biyu gare ta: na farko sako-sako, ɗauke da mafi yawan nauyin, kamar giram 350 zuwa 400, sai a ji ta tsaya, ragowar ya rage. A saita jimillar a wajen 520 ko 530, domin in aka auna bayan gasa ta gaza 500, an fitar da kai ke nan.

Ga yadda harbi ɗaya yake tafiya. Ka zuba harsashi, ka gyara riƙo, bakin bindiga na kan tebur. Ja numfashi kana ɗaga hannu har sama da bara. Kana sakin numfashin kana saukowa a hankali, idonka ya kama tsinke, yatsa ya cinye hawa na farko. Da ka ratsa baƙin ka shiga farin da ke ƙasa, tsayar da numfashi, huhu rabi cike. Yanzu matsi ya yi ta ƙaruwa, ba tsayawa, ba fizga, har harbin ya tashi ba tare da ka zaɓi daƙiƙar ba. Hannu ya fi natsuwa cikin daƙiƙa 5 zuwa 8 na farko bayan ya zauna. In ka kai 10 bai tashi ba, janye yatsa, sauke, huta, sake daga farko. Saukewa ba gazawa ba ce, manyan maharba suna yin ta sau da yawa a gasa ɗaya. Harbin da aka tilasta saboda hannu ya gaji shi ne yake zama 6.

Bayan harbin ya tashi, kada ka sauke. Ci gaba da riƙo da kallon tsinke daƙiƙa 2. Harsashin iska yana ɗan jimawa a bututu, kuma hannun da ya saba saukowa da wuri yakan fara saukowa tun kafin harbi. Sannan, kafin ka duba, faɗa wa kanka inda ya faɗa da lissafin agogo: 9 a ƙarfe 2, ko 8 a ƙarfe 7. In faɗarka na dacewa da huji, idonka na kan tsinke. In ba ka san inda ya tafi ba, bara kake kallo.

Karanta takarda

Ba a hukunci da huji ɗaya. Harba 10, ka duba tarin. In sun taru wuri guda amma ba a tsakiya ba, albishir ne, gyaran saiti ne kawai: ana matsar da tsagar baya zuwa inda ake son harsashi ya koma. A kula, bindigogin Jamus sukan rubuta alamar inda harsashi yake faɗawa ne a kan maɓallin, ba inda ake so ya je ba, don haka a karanta littafin bindigar a san ko danna nawa ke matsar da zobe ɗaya.

In na-dama ya ga huji na zubewa ƙasa ta hagu, fizgar kunama ce, ko sauran yatsu na matsewa tare da manuni. Sama ta dama, yana tura gindin tafin hannu ne don tarbar harbin. Layi daga sama zuwa ƙasa, ko numfashi ne ko saman tsinke ba ya daidai da tsaga. Layi daga hagu zuwa dama, yatsa na tura kunama ta gefe ko tsayuwa ba ta zauna ba. Warwatse ko'ina kamar an watsa gero, ido ne. Bahago ya juya hagu da dama.

Horo

Mafi amfanin horo ba ya cin ko harsashi ɗaya. Bindigogin gasa suna da maɓallin da ke sa kunama ta yi aiki ba tare da sakin iska ba. Tsaya gaban farin bango, ba wata alama a kai, ka yi cikakken jerin harbi sau 20 zuwa 30. Abin nema ɗaya ne: kunama ta tashi, tsinke bai motsa ba. Minti 20 kullum sun fi awa uku ranar Asabar kaɗai. Wanda bindigarsa ke ajiye a kulob zai iya gina kafaɗa a gida da gorar ruwa ta lita ɗaya, wadda nauyinta ya yi daidai da na bindiga: riƙe a miƙe daƙiƙa 20, huta 40, sau 10, hannu biyu duka don kada baya ya karkace.

A fili, sati biyu ko uku na farko ka juya takardar ka harbi farin bayanta. Da yake babu baƙin da zai ja ido, tarin yakan fi matsewa, kuma wannan kaɗai ya isa ya gamsar da mai shakka. Daga nan sai baran gaske, amma ba ƙirga maki. Auna faɗin tarin. In harbi 10 suna zama cikin baƙi a kai a kai, fara yin 20, sannan 40, sannan cikakken 60 da agogo sau ɗaya a sati. Riƙe ɗan littafi: kwanan wata, yawan harbi, gyaran saiti, abin da ya yi kyau, abu ɗaya da za a gyara gobe. Abu ɗaya kawai ake canzawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi aiki ba. Maki 480 matsakaicin 8 ke nan, 540 matsakaicin 9. Masu shiga zagayen ƙarshe a manyan gasannin duniya suna kaiwa wajen 580.

Ranar gasar farko

Kada ka jira sai ka ƙware. Gasar kulob ita ma horo ce. Cika silinda tun daren jiya, ka isa da awa ɗaya a hannu, ka kai bindiga a auna ta. Ci abinci marar nauyi awa biyu kafin lokaci, kuma a rage shayi mai kauri da kofi da goro, suna sa hannu rawa. Mai shan maganin hawan jini ya duba sunansa tun da wuri: magunguna irin su propranolol da atenolol haramtattu ne a wasan harbi saboda suna rage bugun zuciya, sai da takardar izini ta likita da hukuma ta amince da ita. A kan propranolol aka ƙwace wa Kim Jong-su na Koriya ta Arewa lambobi biyu a Beijin a 2008. Kada kuma ka daina maganinka da kanka, likita ne zai duba.

A cikin minti 15 na shiri, fara da nemo tsayuwa, sai jan kunama kaɗan ba harsashi, sai harbin gwaji 8 zuwa 12. Da an ce an fara gasa, ba komawa gwaji, kuma duk iskar da ka saki, ko babu harsashi a ciki, an ƙirga maka sifili. Minti 75 na nufin daƙiƙa 75 ga kowane harbi, lokaci isasshe, har da zama hutawa bayan kowane 15 ko 20. In za ka bar layi, zura zaren tsaro ka sanar da alƙali, kuma in ka dawo ka sake nemo tsayuwarka da ido a rufe.

Zuciya za ta buga, tsinke zai yi lilo fiye da yadda ka saba, kuma makinka zai iya sauka da 10 ko 20 daga na horo. In wani harbi ya ba ka maki 6, kada ka rama da na gaba. Ajiye bindiga, ja dogon numfashi uku, ja kunama sau biyu ba harsashi ba sakin iska, sannan ka zuba sabo. Kada ka tara maki a kai kana tsakiyar harbi, in da hali ma ka karkatar da allon da ke nuna maka maki ka duba shi bayan kowane biyar. In an gama, ka sa hannu a takardar makinka, ka zura zaren tsaro, ka jira alƙali ya duba bindigar kafin ka mayar da ita akwati.